Mace da Farin Kare: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zanen Lucian Freud

Akwai zanen da mutum zai kalla sau ɗaya ya wuce, akwai kuma wanda zai bi shi har gida. Zanen da Lucian Freud ya yi wa matarsa ta farko tare da karensu yana cikin kashi na biyu. Ga tambayoyin da suka fi zuwa wa mai kallonsa a karon farko, da amsoshinsu gwargwadon abin da tarihi ya tabbatar da abin da ido ke iya gani.

Wane zane ne wannan, kuma wa ya yi shi?

Sunansa da Turanci Girl with a White Dog, wato yarinya da farin kare. An yi shi da fentin mai a kan ƙyalle tsakanin 1950 da 1951. Tsayinsa santimita 76, faɗinsa kusan 102, ke nan bai wuce girman tagar ɗaki ba. Gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan ya saye shi a 1952, yana hannunsu har yau.

Ana furta sunan mai zanen "Froid". An haife shi a Balin ta Jamus ranar 8 ga Disamba 1922, a gidan Yahudawa. Da Hitler ya hau mulki a 1933, iyayensa suka kwashe 'ya'yansu suka koma Ingila. Ya koyi zane a hannun Cedric Morris a wata ƙaramar makaranta da ke gabashin ƙasar, ya rasu a Landan ranar 20 ga Yuli 2011. Lokacin da ya yi wannan aiki bai cika shekara 30 ba.

Me mutum zai gani idan ya tsaya a gabansa?

Mace ce zaune a kan shimfiɗa mai ratsi-ratsi, a wani ɗaki mai launin toka wanda babu ado ko ɗaya a cikinsa. Tana sanye da rigar wanka ruwan ɗorawa mai sirkin kore, da ɗamara kitsattsiya mai tuntu. Rigar ta zame daga kafaɗa ɗaya har ɓangaren ƙirjinta ya bayyana, ta kuma ɗora hannu a ɗaya ɓangaren da ke rufe, wajen da zuciya take. Farin kare ya kwanta ya aza kansa a cinyarta, idonsa biyu.

Iyakar abin da ke ciki ke nan. Babu taga, babu madubi, babu kwano ko littafi da zai ba ka labarin gidan. Mai zanen ya kwashe duk abin da ido zai fake da shi, ya bar ka da fuskoki biyu. Launukan ma kamar an wanke su: toka, fari, ɗorawa da ta koɗe, da ɗan ja-ja a leɓen matar da bakin karen.

Wace ce matar?

Kitty Garman, wadda aka haifa a 1926. Mahaifinta shi ne Jacob Epstein, shahararren mai sassaƙa, don haka ta san zaman da ake yi a gaban mai fasaha tun kafin ta haɗu da mijinta. Uban ma ya sassaƙa kamanninta. Sun yi aure da Freud a 1948, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Annie a 1948 da Annabel a 1952.

Wannan shi ne na ƙarshe a jerin zane-zanen da ya yi mata. A na 1947 tana riƙe da ɗan kyanwa, ta damƙe shi a wuya da hannu ɗaya, tana kallon gefe, kyanwar kuma tana kallonka. A wani da ya gama a 1948 furen wardi ne a hannunta, ta ƙanƙame shi da ƙayarsa. Idan ka jera ukun za ka ga wani abu ya sauya. A biyun farko ita ce ke riƙe da wani abu da ƙarfi. A na uku ba ta riƙe karen ba; shi ya zo ya jingina da ita, hannunta kuwa ya koma kan jikinta.

Ai zanen ya yi kama da hoton kamara. Ta yaya ya zama na zamani?

Da yawa idan sun ji an ce zanen zamani sai Picasso ya faɗo musu, fuska a karkace, ido biyu a gefe ɗaya. Wancan reshe ɗaya ne. Abin da ya haɗa masu zanen zamani shi ne sun daina ɗaukar cewa aikinsu shi ne ƙawata wanda aka zana. A da, sarki ko attajiri ne zai biya a zana matarsa, a gyara mata hanci, a cika ta da gwal. Da kamara ta zo a ƙarni na 19 ta karɓe aikin adana kamanni, sai masu zane suka shiga neman abin da kamara ba ta iyawa.

Ka ƙura wa wannan ido za ka ga ba hoto ba ne. Idanun Kitty sun fi na ɗan Adam girma. Kowane silin gashi, kowane zaren rigar wanka, kowane ratsin shimfiɗa ya fito da kaifi iri ɗaya, alhali idon mutum ba ya gani haka: idan ka kalli fuska, abin da ke gefe dishi-dishi yake zama. A nan babu inda aka sassauta. Ɗakin kuma ba shi da zurfi, bangon ya matso, kamar an tura matar da karen gabanka. Wannan ne ke sa mai kallo jin wata 'yar takura ko da bai san dalili ba.

Hanyar aikinsa ce ta haifar da haka. A waɗannan shekaru a zaune yake zane, dab da mutum, da siririn burushi mai laushin gashi, yana sa fenti kaɗan-kaɗan har ba a ganin sawun burushin. Masana sukan kwatanta shi da masu zanen Jamus na shekarun 1920 irin su Otto Dix, waɗanda ke fito da mutum ba tare da sakaya komai ba. Herbert Read, mai sharhi kan fasaha, ya kamanta tsabtar layinsa da ta Ingres, Bafaranshen ƙarni na 19, amma ya haɗa shi da falsafar damuwar rayuwa da ta mamaye Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Kada a manta, a 1950 unguwannin Landan cike suke da kangayen da bama-bamai suka bari, abinci ma da kati ake sayen wasu nau'o'insa har zuwa 1954.

To me karen yake nufi?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce amana. Tana da tushe. Masu zanen Turai sun daɗe suna sa kare kusa da ma'aurata ko matar aure. A zanen Jan van Eyck na 1434, wanda ke Landan shi ma, ɗan ƙaramin kare ne tsaye a ƙafafun wani ɗan kasuwa mai suna Arnolfini da matarsa. Titian na Italiya ya sha zana mata da ɗan kare yana barci a gefensu. Freud ya san waɗannan ayyuka, mutum ne da ya yi ta zarya gidajen zane har tsufansa. Ƙari a kan haka, wannan karen ɗaya ne daga cikin biyu da aka ba su kyauta lokacin aurensu. Ke nan gudummawar biki ce kwance a cinyar amarya bayan shekara biyu ko uku.

Sai dai ni ban yarda a tsaya a nan ba. Wanda ya ce kare amana ne ya rufe baki, ya mayar da zanen kacici-kacici, ya ba da amsa ya tafi. Dubi irin karen tukuna. Ba ɗan mitsitsin karen da matan fada ke ɗauka a hannu ba ne. Irin da Turawa ke kira bull terrier ne, wanda aka samar a Ingila a ƙarni na 19 daga karnukan da ake haɗawa faɗa. Wani mutumin Birmingham mai suna James Hinks ne ya yi suna wajen fito da fararensu a shekarun 1860. Kare ne mai ƙwanji da ƙarfin muƙamuƙi. Kansa yana da nauyi, kuma mai zanen ya sa ka ji nauyin a kan ƙafar matar. Karnukan tsofaffin zane-zane sukan yi barci ko wasa. Wannan ya kwanta amma bai saki ido ba. Za ka iya cewa gadinta yake yi, za ka iya cewa ya danne ta ne ba ta da halin tashi, kuma zanen bai hana ka ko ɗaya ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka raba kulawa. Ƙoƙarin da Freud ya sa wajen zana fatar Kitty shi ya sa wajen zana gashin karen, babu fifiko. Farin jikin dabbar da hasken fatar matar sun kusa zama launi ɗaya. Jan da ke bakin karen yana amsa wanda ke leɓenta. A idon mai zanen, halittu biyu ne masu numfashi da aka ce su zauna kada su motsa. Wasu na ganin wannan ƙasƙanci ne ga matar. Ni ina ganin ya nuna mutumin da ke riƙe da burushi fiye da yadda ya nuna ta: miji ne da ya kalli matarsa da dukan hankalinsa, amma kallon bincike, irin wanda ba ya rarrashi. A duk faɗin zanen, wuri ɗaya ne jiki ya taɓa jiki cikin natsuwa, shi ne inda haɓar karen ta sauka a cinyarta.

A wajenmu kare ba ya hawa shimfiɗa. Ta yaya Bahaushe zai karanta wannan?

Da sanin cewa ido biyu ne daban. A ƙasar Hausa wurin kare ƙofar gida ne, ko gona, ko bayan garke, ko dajin farauta, kuma kiran mutum da sunansa zagi ne. Malamai sun yi bayani a kan wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, da dalilan da aka yarda a ajiye shi dominsu, duk da cewa a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda ya tashi a cikin wannan, da ya ga kan kare a cinyar mace abin da zai fara zuwa masa shi ne ƙyama.

Ga Baturen Ingila na 1950 kuwa, wannan shi ne abu mafi saba wa ido a zanen, wato abin da ya fi zama na yau da kullum. Kare ɗan gida ne, yana kwana a ɗaki. Idan ka riƙe wannan a ranka, sai ka lura cewa abin da zai fi tayar wa irin wannan mai kallo hankali fuskar matar ce. Kuma ko a wajenmu maharbi ya san me ake nufi da kare da ya kwanta kusa da kai amma yana sauraron motsi.

Me ya sa aka bar rigar ta zame? Ba batsa ba ce?

Gaskiya ne akwai tsiraici a zanen, kuma wanda addininsa ko kunyarsa ba su bar shi ya kalla ba, ya sani tun kafin ya nema. Hukuncin wannan da na zanen mai rai gaba ɗaya na malamai ne. Abin da zan iya bayani shi ne abin da yake nufi a al'adar da ta haife shi.

A zanen Turai, mace mai mama ɗaya a waje tsohuwar siffa ce. Kiristoci sun yi ɗaruruwan shekaru suna zana Maryamu haka tana shayarwa. Raphael ya zana wata mace wajen 1519 da hannu a ƙirji, aikin da ake kira La Fornarina, wanda aka daɗe ana cewa masoyiyarsa ce. Wato siffar tana ɗauke da uwa, tana ɗauke da masoyiya. Kitty duka biyun ce a lokacin: matar mai zanen, uwar 'yarsa.

Amma babu jariri a nan, a gurbinsa kare ne. Babu kuma murmushi ko kashe ido irin na mai jan hankali. Yanayinta ya fi kama da na wadda ke zaune a gaban likita, an ce ta sauke riga ta sauke, tana jira a gama. Hannun da ta dafe ƙirji da shi yana kare abin da ya rage a rufe. Rabi ta bayar, rabi ta hana. Abin da ke fitowa daga wannan rauni ne da rashin kariya, shi ya sa mutane da yawa ke jin tausayi idan sun kalla.

Idanun nan fa? Tsoro ne ko baƙin ciki?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai wannan fuskar ta yi zuru. Idanun a buɗe suke sosai, da ɗan sheƙi kamar na wadda ta daɗe ba ta ƙifta ba. Wani zai ga tsoro, wani gajiya, wani kuma tunani ne ya yi nisa da ita.

Akwai bayani mai sauƙi da ake yawan tsallakewa. Freud ba ya zane daga hoto ko daga ka; dole mutum ya zauna a gabansa, kwana da kwanaki. Abokin sana'arsa David Hockney ya ce sa'o'i 120 ya zauna masa a 2002, kuma zanen kai da kafaɗa ne kawai. Ka ƙiyasta abin da Kitty ta zauna, a ɗaki, da riga a zame, mutum yana nazarin fatarta daga tazarar kamu ɗaya ko biyu. Duk wanda aka kalla haka na tsawon watanni, murmushin da yake yi wa baƙi zai gudu, abin da ke ƙasa ya taso. Wannan fuskar da ta rage bayan gajiya ita Freud yake farauta duk rayuwarsa. Don haka a lissafa haƙurin Kitty cikin aikin. Ba don ta jure zaman ba, da babu zanen.

An ce zanen ya nuna auren ya kusa mutuwa. Haka ne?

Auren ya mutu ba da daɗewa ba, kuma a 1953 Freud ya auri Caroline Blackwood. Kitty ta auri masanin tattalin arziki Wynne Godley a 1955, suka zauna tare fiye da shekara 50, har ya rasu a 2010, ita kuma ta bi shi a 2011, shekarar da Freud ma ya rasu.

Da yake mun san ƙarshen labarin, da wuya mu kalli zanen ba mu hango saki a ciki ba. Ina ganin a yi hattara. Wannan fargabar a ido tana nan a zanen 1947, tun kafin a ɗaura aure. Tana nan a fuskar Harry Diamond, namijin da ya zana tsaye kusa da wata shuka a wani ɗaki a unguwar Paddington ta Landan a 1951. Tana nan a fuskar Caroline daga baya. Ke nan wani kaso na abin da muke gani salon mai zanen ne a wancan zamani, kowa ya zauna masa haka yake fitowa. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne zanen ya nuna mutum biyu da ke kusa ƙwarai amma kusancin bai kawo sakewa ba. Ko hakan sanadin rabuwa ne ko alamarta, fenti ba zai iya ba da shaida ba.

Kakansa ba shi ne Sigmund Freud ba? Ko akwai ilimin halayyar ɗan Adam a ciki?

Shi ne. Sigmund, shahararren likitan da ke binciken tunanin mutum ta hanyar sauraron maganarsa, ya gudo daga Biyana ta Ostiriya zuwa Landan a 1938, ya rasu a 1939 jikan yana ɗan shekara 16. Kamannin aikinsu a fili yake: mutum a kan doguwar kujera, a rufaffen ɗaki, wani yana lura da shi zama bayan zama. Kakan ma mai son karnuka ne, har karyarsa Jofi takan zauna a ɗakin lokacin da yake ganin marasa lafiya. Bambancin shi ne kakan yana sauraron magana don ya kai ga abin da ke ɓoye, jikan kuwa ya yarda cewa jiki da fata sun isa shaida.

Me ya sa bai sa sunanta ba, ya ce "yarinya"?

Ɗabi'arsa ce, yawancin zane-zanensa ba sa ɗauke da sunan wanda ya zauna. Yana so a kalli aikin kafin a tambayi wane ne. Duk da haka, kiran matar aure mai shekara 24 da 'ya a hannu "yarinya" yana ƙara mata ƙanƙanta a idon mai kallo, kuma masu sukar yadda ya ɗauki mata suna kafa hujja da irin wannan. Sukar tana da gindi.

Ya ci gaba da zana mutane da karnuka?

Har ƙarshen ransa, amma hannunsa ya sauya. Daga 1954 ya daina zane a zaune, ya miƙe tsaye. Daga baya ya ajiye siririn burushi ya ɗauki mai kaushin gashi, fenti ya yi kauri har ana ganin tudu da kwarinsa. Abotarsa da mai zane Francis Bacon na cikin abin da ya tura shi wannan hanya. A tsakiyar shekarun 1980 ya zana wata mace kwance, ta rufe ido da hannu, siririn kare irin na tsere yana barci a jikinta. Ya sa masa suna da ke nufin zanen mutum biyu, wato ya ƙirga karen a matsayin na biyu. Ka ajiye shi gefen na Kitty ka ga tazarar shekara 35: a can ido huɗu a buɗe, a nan kowa ya saki jiki. Aikin da ya mutu bai gama ba a 2011 ma na mataimakinsa David Dawson ne da karensa Eli.

A ina zan gan shi, kuma ta ina zan fara kallo?

Yana cikin kayan Tate, kuma gidansu na zane-zanen Birtaniya yana Millbank a bakin kogin Thames, shiga kyauta ne. Ba kullum yake rataye ba, don akan ba da aronsa ko a mayar da shi ma'ajiya, saboda haka mai niyyar zuwa ya duba shafinsu na intanet tukuna. A shafin akwai hotonsa, kuma ya fi kyau a buɗe shi a kwamfuta, domin allon waya yana cinye ƙananan abubuwan da aikin ya dogara a kansu.

Shawarata ita ce kada ka fara da fuskar, don idan ta kama ka ba za ka ga sauran ba. Fara daga ƙasa, daga ratsin shimfiɗa. Bi ɗamarar rigar har tuntunta. Tsaya a kan karen, ka duba inda gashinsa ya yi ƙaranci har jan fata ya leƙo a gefen baki da ido. Hau zuwa hannun da ke dafe da ƙirji, ka lura ko yatsun a sake suke ko a matse. Sannan ka ɗaga kai ka haɗa ido da ita. Bayan haka ka sa tafin hannunka ka rufe karen, ka kalli matar ita kaɗai a ɗakin na ɗan lokaci, sai ka janye hannun.